Wai gandu gonar gida ce ko gonar bayi? Ku raba ni da baffana

Ɗan_Gandun_Albasa
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya ni da baffana muka yi ta musu har shayi ya huce a kofi. A Gandun Albasa aka yanke mini cibiya, a nan na yi wayo, amma ban taɓa tambayar dalilin da ya sa ake ce wa unguwar gandu ba, alhali ko kunya ɗaya ta albasa babu, sai kwalta da shaguna. Baffa ya ce gandu ai gonar gida ce: uba da 'ya'yansa da ƙannensa su yi noma tare, a zuba a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Ni kuma na ce gandayen sarakuna da attajirai kafin zuwan Turawa bayi ne ke noma su, har da mai tsayawa a kansu, kusan irin gonakin audugar Amurka. Ya dube ni ya ce boko ya gama da ni. Don Allah wa ke da gaskiya? In kuma bayin ne, yaya noman yake, yaya zaman yake?

Manomin_Bunkure
Wa alaikumus salam. Baffanka bai yi ƙarya ba. Har gobe mu a gandu muke, mu biyar ƙarƙashin tsohonmu. Da safe aikin gandu, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa. Ka je ka ba shi haƙuri.

Malam_Mai_Alli
Ɗana, kalmar ce mai baki biyu, kowannenku ya kama ɗaya. Akwai gandun gida, wanda na Bunkure ya faɗa. Akwai kuma gandun sarauta, wato gonar da ke bin rawani, in mai rawani ya sauka ta koma hannun wanda ya gaje shi. Irin wannan a ƙarni na 19 bayi ne ƙarfinsa, wannan ba abin musu ba ne.

A Kano kaɗai akwai Nassarawa, Ɗorayi, Fanisau, Gogel, Gasgainu da wasunsu. Ka lura da inda sarki ke zuwa hawa bayan salla: hawan Nassarawa, hawan Ɗorayi, hawan Fanisau. Duk wuraren nan sarki na da gida da gona a cikinsu tun da can. Fanisau ribaɗi ce, wato garin tsaro na mayaƙa, ta zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, lokacin da Ɗan Tunku ya hana arewacin Kano sakat. Baturen nan Kilafaton da ya zo a 1824 a can ya je ya gai da sarki. Da ƙura ta lafa, garin yaƙi ya zama garin noma.

Kowane gandu yana da sarkin gandu, shi ma galibi bawa ne, shi ke raba aiki, shi ke lissafin damin da ya shiga rumbu. A samansa kuma akwai manyan bayin fada irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Ba sarakuna kaɗai ba, fatake masu kuɗi ma, musamman masu safarar goro, sun sayi bayi sun zuba a gonaki a kewayen birni.

Bazazzagiya
Allah ya gafarta Malam, mu a Zazzau rinji aka fi cewa. Hanwa da kuke gani yau cike da gidaje rinji ce a da, haka ma Biye. Akwai kuma Taban Sani ta Sarki Mamman Sani.

Wanda ke son ya ji yadda yini yake tafiya a rinji, ya nemi labarin Baba ta Karo, wata dattijuwa da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa tana rubuta abin da take faɗa, aka buga a 1954. Gidansu masu rinji ne, ta gani da idonta tana yarinya. Da sassafe bawa yana 'yar gonarsa. In hantsi ya yi, kowa ya hallara a gandun ubangida. Da rana a kawo musu abinci har gona. In azahar ta yi a tashi, mai sauran ƙarfi ya koma tasa. Abin da ya noma a gayauna nasa ne, ya ci ko ya kai kasuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, su masu bayin ma ba su tsira ba: mahara sun kwashi 'yan gidansu sai da aka biya fansa.

Manomin_Bunkure
To ai kun ga! Hantsi zuwa azahar, gandu da gayauna, tsarinmu ke nan sak. Ina bambancin?

Gaskiya_Ɗaci
Bambancin shi ne kai in ka yi fushi da tsohonku, gobe ka hau mota ka tafi Legas cirani. Kuma in ya rasu kana cikin masu gado. Shi wancan yana cikin kayan gadon.

Almajirin_Zaure
Jama'a a yi hattara da kwatanta abin da ba ɗaya ba. A Amurka fata ce hujja, baƙi bawa ne shi da zuriyarsa, ko da ubangidan ne ya haifi yaron da baiwarsa, yaron bawa ne, har sayar da shi ake yi. A nan kuwa shari'a ta ce ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke, yana gado, ita kuma ba a sayar da ita, ranar da ubangidan ya rasu ta zama 'ya. Sarakuna nawa ne 'ya'yan sa-ɗaka? Ga hadisin Abu Zarri da ya ce a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Ga 'yanta wuya a kaffara. Ga fansar kai. Ga murgu, inda bawa zai tafi neman kansa ya riƙa biyan ubangida wani abu da aka yanka. Don Allah ina aka ga wannan a gonar auduga ta Misisifi?

Gaskiya_Ɗaci
Malam abin da littafi ya ce ka karanto mana. Mai tambaya cewa ya yi yaya zaman yake. In komai lafiya lau ne, gidan Ma'ajin Watari a birnin Kano na mene ne? Can ake kai bawan da ya yi taurin kai a hora shi. Mari da ƙangi kuma ado ne? Sannan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, me ya sa dubban bayi suka watse daga gonaki ba sallama? Mai jin daɗi ba ya gudu da dare.

Murgun ma ka duba shi da kyau. Mutum ya ciyar da kansa, ya tufatar da kansa, kuma ya biya ka kuɗin hayar jikinsa. Wa ya ci riba?

Malam_Mai_Alli
Ku biyun ku sassauta. Almajiri ya faɗi hukunci daidai, amma malaman jihadin da kansu sun koka cewa ba a bin sa. Malam Abdullahi na Gwandu tun ana tsakiyar yaƙi ya yi waƙa yana zargin mutanensu da komawa neman mulki da tara ƙwaraƙwarai da tufafi da dawaki, har ya bar rundunar ya nufi gabas, sai a Kano aka tsayar da shi. Tun kafin su, Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa a kan wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba, saboda ana kama 'ya'ya Musulmi ana sayarwa. Ba a yin fatawa a kan abin da ba ya faruwa.

Game da Amurka kuma, ba duka gonakinsu ne iri ɗaya ba. A gonakin auduga tun fitowar rana har faɗuwarta ake aiki a jere, mai bulala na biye. Amma a gonakin shinkafa na gaɓar Karolaina yanka wa bawa aikin yini ake yi, in ya gama ya tafi 'yar gonarsa. Ka ga wannan ya yi kusa da namu. Ƙidayar Amurka ta 1860 ta sami bayi kusan miliyan 4. Masana irin su Paul Lovejoy sun ƙiyasta na daular Sakkwato wajen 1900 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Ko ƙaramin adadin ka ɗauka, ba wasa ba ne.

Ɗan_Wurno
Mu nan abin da munka taras ga tsohhinmu, Sarkin Musulmi Bello shi yam mai da hankali ga zaunar da mutane wuri guda. Ribaɗi yag gina Wurno, nan yaz zamna, nan anka rufe shi 1837. Har takarda yar rubuta ma Ummarun Dallaje na Katsina kan sha'anin mulki, ciki da batun a ƙarfafa manoma da masu sana'a a raya garuruwa. To ribaɗi ba ya tsayuwa sai da hatsi, dawaki ba su tsayuwa sai da dawa da ciyawa. Wa ka noma su, alhali mazaje na bakin daga? Amsar ga a fili take, ko ba a so. Fadamar gulbin Rima kuwa shinkafa da albasa tun zamanin nan ake yin su.

Garwa237
Salamu alaikum daga Kamaru. Ina karantawa ina dariya, don filin ƙwallonmu na Garwa sunansa Rumde Ajiya. Rumde da Fillanci shi ne rinjin da 'yar'uwarmu ta Zazzau ta faɗa, ƙauyen bayi masu noma. A Yola ma akwai unguwar Rumde. Ashe ba ɗan Gandun Albasa kaɗai ke kwana a kan tsohuwar gona bai sani ba.

Malamin_Gona
Ni ɓangaren noman ne ya dame ni, don an bar shi a baya. Ku tuna babu garmar shanu a lokacin, sai zamanin Turawa wajen shekarun 1930 ta fara yaɗuwa. Babu takin zamani, babu maganin feshi. Duk kunyar da ke ƙasar Kano da hannu aka tada ta. Shi ya sa arzikin mai gona ba faɗin ƙasa ba ne, yawan hannaye ne. Ƙasa tana nan ko'ina, mutum ne ke da tsada.

Aiki kuwa ba ya yankewa. Tun da rani ake kai taki, jakuna da mangala suna jigilar toka da shara da kashin awaki daga birni zuwa gonakin kewaye, su komo da itace. Wannan ne sirrin da ya sa gonakin kusa da Kano ake noma su shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. Na nesa kuma sai a yi shiri da Fulani su zauna da shanu a gona bayan girbi. Da bazara a yi sassabe a ƙone. Wasu su yi binne tun ruwa bai sauka ba, caca ce, in ruwan farko ya yi ƙarfi ka riga kowa, in ya yi yayyafi ya ɗauke iri ya ruɓe. Ranar shuka mai sungumi na gaba yana sara, na baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Gero ne farko, sai dawa a tsakani, wake kuma daga baya a ƙarƙashinsu. Daga nan noman firi, sai maimai, sai huɗa da garma. Gero ya nuna cikin wata uku ya kori yunwar tsakiyar damina, dawa ta jira kaka, wake ya ba da 'ya'ya ya ba da harawa, kuma ya gyara ƙasa. Abin da muke koyarwa yau da sunan haɗa shuka, su sun gama shi tuntuni.

A babban gandu a jere ake noma, kowa da kunyarsa, sarkin gandu na lura da wanda ya sare. Wani lokaci da makaɗi, kamar dai gayya.

Manomin_Bunkure
Malamin gona ka manta gawo. Duk gonar da ka ga tsohon gawo a tsakiyarta, wani ne ya hana a sare shi. Da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi ganye dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Geron gindin gawo daban yake. Ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, ba wadda aka bari a banza.

Kuma ba hatsi kaɗai ba. Mu nan yankin Kura da Bunkure baba da auduga su ne kuɗi. A yanki baba a sarrafa shi, marina su saya, a rina turkuɗi a buga shi da shuni har yana ƙyalli, Buzaye su zo su kwasa. Kakanmu ya ce a da in ka shigo garin nan ƙarar bugu kaɗai za ta gaya maka ka iso.

Malam_Mai_Alli
Wannan batu na Bunkure shi ne gishirin zancen. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Kowace riga a ciki da auduga ta fara, da baba, da hatsin da masaƙi da marini suka ci. Hukuma ma ta san inda kuɗin yake, shi ya sa ban da zakka da kuɗin ƙasa akwai kuɗin karofi a kan rijiyoyin rini, da kuɗin shuka a kan irin su rake da taba da albasa. Amma a yi adalci: ba duka audugar nan ce ta fito daga gandun bayi ba. Talakawa 'ya'ya masu 'yan gonakinsu sun noma mai yawa.

Inna_Mai_Mazari
Kun yi ta lissafin maza kun bar mu. Tsakanin audugar gona da zaren masaƙi wa ke nan? Mata. A gurje ta a fitar da angurya, a shiɓe ta, a kaɗa da mazari ana shafa alli a yatsa. Ni na tarar da kakata tana kaɗi har ta rasu, tana hira hannu na aiki.

Ita ce ta gaya mini cewa a da shiga gona aikin baiwa ne, matar gida tana ciki. Baiwa ta yi noma tare da maza, ta dawo ta yi surfe da daka, ta ɗebo ruwa, ta yo itace, goyo a baya. Da bauta ta ƙare, abin da matan nan suka fara yi shi ne ajiye fartanya su shiga ɗaki, don a san su ma 'ya'ya ne yanzu. Ta ce kullen da ya game ƙauyuka har da wannan a ciki, ba karatu kaɗai ba.

Almajirin_Zaure
Inna, Allah ya ƙara girma, kulle dai umarni ne na addini, Shehu ma ya yi magana a kan cuɗanyar maza da mata.

Inna_Mai_Mazari
Ɗan nan ban ce ba addini ba ne. Cewa na yi mai baiwa ce ta fara samun halin yin sa. Wadda ba ta da mai ɗebo mata ruwa, ta kulle ta sha me?

Ɗan_Birnin_Damagaram
Gaisuwa daga Zinder. Mu ba mu cikin daular Sakkwato, wajen Barno muke kallo, amma abin bai bambanta ba. Zamanin Sarki Tanimun, 1851 zuwa 1884, gari ya cika da bayi, wasu a gonaki, wasu a bi da su hamada. Noman ne dai ba irin naku ba. Ƙasarmu rairayi ce, da hauya mai dogon ƙota muke noma a tsaye, ba ruwanmu da huɗa. In na ji kuna "na duƙe tsohon ciniki" sai in ce ku kuka duƙa.

Kuma kada a ɗauka tsohon labari ne ƙwarai. Faransa ta yi dokar hani a 1905, amma sai 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta ba wata mata gaskiya a kan ƙasar saboda ba a kare ta daga bauta ba.

Kwamared_Sabo
Ni ban ga amfanin wannan tone-tonen ba wallahi. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Yanzu kowa ya zama ɗaya, an yi auratayya, me za a fasa? Gobe wani ya ɗauki zancen nan ya je yana zagin Hausawa da Fulani da shi.

Bazazzagiya
Kowa ya zama ɗaya? Bara aka fasa auren ƙawata saura sati uku, lefe ya riga ya shiga gida. Wata gwaggon angon ce ta je bincike ta dawo ta ce asalinsu dimajai ne, wato zuriyar bayi. Yarinya da digiri biyu, mahaifinta limami. Ba wanda ya faɗa a fili, cewa aka yi an yi istihara.

Mai_Unguwar_Zaure
Sanarwa: a ci gaba da muhawara, amma duk wanda ya ambaci sunan wani gida ko zuriya da nufin tona asali, zan goge kuma zan fitar da shi. Na riga na goge guda biyu.

Jikan_Sarkin_Gandu
Tun jiya nake karantawa ina shiru. Bari in yi magana a kan gidanmu, tunda nawa ne ba na wani ba.

Kakan mahaifina yana yaro aka kamo shi daga wajen duwatsun kudu, yana kiwon awaki. Bai ƙara ganin uwarsa ba. Sunansa na yanka ya ɓace, sunan da ubangida ya sa masa shi ya bi shi kabari, irin sunayen nan na su Nagode da Dangana da Alheri. Ya girma a gandu, aka ba shi mata daga cikin bayin gidan, ya yi ƙwazo har aka naɗa shi sarkin gandu. Kakana, wato ɗansa, bacucane ne, a gandun aka haife shi, Hausa kaɗai ya iya, ya yi allo ya sauke.

Abin da kakana ya ba mu labari ba ya shiga layin Almajiri, ba ya shiga na Gaskiya_Ɗaci. Ya ce ba su kwana da yunwa ba, Juma'a ba a fita gandu, da salla ubangida na yi musu riguna, in an yi haihuwa shi ke ba da rago. Ubansa har ya tara awaki da jaki daga gayauna. Da rani kuma ba hutu, ana lambu, ana jan ruwa da jigo, ana yaɓe, ana kai dami birni a ka. Amma ya ce akwai shekarar da bashi ya kama ubangidan, aka zo da safe aka tafi da wata yarinya, ƙanwar abokinsa, aka bayar a madadin kuɗi. Ubansa, sarkin gandu guda, shi aka sa ya riƙo hannunta ya kai ta bakin hanya. Ya ce tun daga ranar bai ƙara jin uban ya yi waƙar noma ba.

Da Turawa suka zo wasu sun gudu, su ba su gudu ba. Ina za su? Tsohon ko sunan garinsu bai riƙe ba. Suka zauna suna ba da wani abu daga amfanin gona, a hankali gonar ta zama tamu. Yau jikokin ubangidan in sun zo ƙauye gidanmu suke sauka, muna wasa da su, muna zuwa bikinsu. Aure dai ba a taɓa yi ba.

Gaskiya_Ɗaci
Allah ya jiƙan su. Ba ni da abin ƙarawa.

Almajirin_Zaure
Amin. Raba yarinya ƙarama da uwarta ta hanyar ciniki ma shari'a ta hana. Wanda ya yi zai amsa.

Zango_Kumasi
Yaya Jikan Sarkin Gandu, ka sa ni hawaye a cikin shago. Mu nan Gana tsofaffi suna ba da labarin kasuwar Salaga, inda ayarin Hausawa ke kawo kaya su sayi goro, bayi ma ana cinikinsu a wurin. Alhaji Umaru na Kete-Karachi ta nan Gana, haifaffen Kano ne, ya rasu 1934, ya rubuta abubuwa da yawa da ajami a kan zaman Hausawa na wancan lokaci, har da noma da bauta. Kuma ku sani wasu Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen nan gangarawa aka yi da su bakin teku. A Bahiya ta ƙasar Barazil, yankin gonakin rake, Hausawa sun shirya tawaye a 1807, sun sake a 1814, kuma suna cikin na Musulmi na 1835 da aka yi cikin azumi. Wato gonar Amurkan da mai tambaya ya kawo misali da ita, mu ma an noma da mu a irinta.

Kwamared_Sabo
To naji. Amma ai Turawan da suka ce sun hana, don Allah suka yi? Ba gyaɗa suke so ba?

Malam_Mai_Alli
Kwamared ba ka yi nisa da gaskiya ba. Gwamna Lugga bai 'yanta bayi rana ɗaya ba, tsoro yake kada gonaki su mutu sarakuna su juya masa baya. Dokarsa ta 1901 ta hana kamu da ciniki, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Wanda ke cikin bauta kuwa sai ya fanshi kansa a gaban alƙali, wanda ya gudu kuma a hana shi gona. Sai 1936 aka soke abin gaba ɗaya a Arewa. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano, daga 1912 gyaɗa ta yi kuɗi, gandaye da yawa suka koma gyaɗa, kuma da kuɗinta bayi da dama suka biya fansarsu. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, akwai guminsu a ƙasanta.

Malamin_Gona
Ɗan Gandun Albasa, in koma kan unguwarku. Albasa amfanin rani ce, ba ta yi sai da ruwa kusa. Ka tambayi tsofaffin unguwa inda rafi ko rijiyoyin lambu suke a da, ina tabbatar maka za ka tarar wajen da ruwa ke kwanciya yanzu in an yi mamako ne, inda kuke zagin masu kwalbati.

Ɗan_Gandun_Albasa
Wallahi Malamin gona kamar ka san layinmu, bana har cikin ɗaki ya shigo mana. Na gode muku duka, musamman Malam da Inna da Yaya Jikan Sarkin Gandu. Na kai wa Baffa wayar bayan la'asar, ya sa tabarau ya karanta amsar farko ta na Bunkure, ya miƙo mini ya ce, "Ka gani ko? Har cewa ya yi ka ba ni haƙuri." Ya tashi ya tafi alwala.

Manomin_Bunkure
Ka gaishe mini da shi, dattijon kirki.

Jikan_Sarkin_Gandu
In ya idar da salla ka ce ya gangaro ƙasa kaɗan ya karanta nawa. Ina nan ina jiran abin da zai ce.